Tukunyar Ƙarfen da Na Hana Ƙanena

Abin ya faru ne bayan an canja kuɗi daga fam zuwa naira, bayan farin nan da shanu suka riƙa faɗuwa a bakin hanya, amma kafin a harbe shugaban soja a Ikko. Shekarar ce aka ƙara wa ma'aikatan gwamnati albashi, kowane akawu ya sayi babur da rediyo, naman kasuwa ya yi tsada. Ban san lambar shekarar ba, ban yi boko ba. Jikata ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa, kuma na ce mata kada ta gyara mini ko ɗaya daga abin da na aikata.

Ni ungozoma ce. Tun ina goyon fari nake yanke cibi, kuma daga Gawon Nama inda nake aure har Ƙofar Atiku, da wuya ka shiga lungun da ba a san hannuna ba. Abin da aka fi sanina da shi ruwan zafi ne. Wasu kan ji tausayin maijego su sirka mata ruwa har ya zama na alwala. Ni ba haka nake ba. A tafasa shi a babbar tukunya, in tsoma ganyen dogon yaro, in fyaɗa mata a baya da ƙugu har jiki ya yi ja, sannan ta hau gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, a ba ta kunun kanwa. Na yi imani babu sanyin da zai shiga ƙashin mutum in kasa fitar da shi. Har maza masu ciwon gwiwa ana aiko wa in gasa musu.

Asalinmu Kwalkwalawa ne, gidan masunta. Ƙanena shi ke bi mini, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ni na ƙarasa goyonsa da innarmu ta rasu. Tun yana ƙarami ya fi kowa daɗewa a ƙarƙashin ruwa. In taru ya maƙale a gindin gulbi shi ake kira. Lokacin yaƙin basasa ya bi sojoji kudu yana tuƙa musu jirgin ruwa, da yaƙi ya ƙare bai dawo ba. Wasu Turawa masu haƙar mai suka ga ninƙayarsa, suka koya masa aikin nutso a teku. A sa masa hular ƙarfe, a haɗa masa dogon tiyo mai kawo numfashi daga sama, ya sauka ya ɗaure bututu a inda rana ba ta kaiwa.

A wani zuwa da ya yi hutu ya ba mu labarin aikin a tsakar gida. Ya ce nutson teku ba irin na gulbi ba ne. In ka yi nisa ƙasa kana shaƙar abin da ake turo maka, ruwa na danne ka, numfashin nan sai ya narke cikin jini. Dole ka hau a hankali, kana tsayawa a hanya. Ya ɗauko kwalbar lemo ya girgiza, ya buɗe da sauri, kumfa ya zubo masa a hannu.

Ya ce, "Haka jinin mutum ka yi in yat taso da garaje. Kumfa shi tsaya ga gwiwa, ko ga kahwaɗa, ko ga ƙashin baya."

Na ce, "To kai kwalba na?"

Mata suka yi dariya. Shi ma ya yi, amma ya ci gaba. Ya ce in haka ta kama mutum, magani ɗaya ne. Akwai wata tukunyar ƙarfe mai girman ɗan ɗaki, mai ƙofa kamar ta tanda. A sa ka ciki a rufe, a yi ta tura numfashi har jikinka ya ji kamar ya koma gindin teku, kumfan ya narke. A ɗora maka wani abu a hanci kana shaƙar tsantsar oksijin, irin wanda ake ba marasa lafiya a asibiti, sannan a riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan. Ya ce kunne kan toshe, sai ka yi ta haɗiyar yawu. Ya nuna mini wani kati da ke rataye a wuyansa, an naɗe shi da roba. Ya ce an rubuta aikinsa a jiki da lambar wayar da za a kira in ya faɗi a wani wuri. Ya ce har doka gare su, wanda ya fito daga nutso mai zurfi ba ya hawa jirgin sama sai ya kwana ya wuni.

Na ce masa Allah ya kiyaye ɗan gidanmu da shiga tukunya kamar kan rago. A raina na ɗauki abin duka tatsuniyar Turawa.

Shekarar da abin ya faru matarsa tana wurina, don mahaifiyarta ta rasu. Ta yi ɓari sau biyu, ciki na uku ne ya tsaya. Ranar wata Juma'a da hantsi ta haifi namiji a hannuna. Na sa aka buga wa ƙanena tangaraho, kuma ni na zaɓi kalmomin. Na ce a rubuta masa, in aka yi suna ba ya nan, kada ya sake kirana yaya.

Saƙon ya same shi ran Litinin. Ran Talata da safe yana da nutso, ya yi. Da rana ya ɓoye wa shugabansa, ya hau jirgin sama zuwa Ikko, kashegari ya hau wani zuwa Sakkwato. Wannan duk daga baya na ji shi.

Ran Laraba da la'asar tasi ta ajiye shi a ƙofar gida. Ya shigo yana dafa bango, akwatinsa direba ne ya ɗauko. Ya karɓi jaririn, ya yi masa addu'a. Da muka keɓe ya ce kafaɗarsa na ci kamar ana huda ta da ƙusa, ƙafafunsa na yi masa kamar tururuwa na tafiya a ciki, kuma wani abu ya ɗaure masa ƙugu kamar ɗamara.

"Yaya, abin nan da nib ba ku labari, shi na. Sai na koma tukunya."

"Sanyi na. Shekara nawa kana jiƙe cikin ruwan gishiri? Ga ruwa bisa wuta, yanzu in fitar maka da shi."

"Wanga ba naki na ba, Yaya."

Wannan maganar ta ƙona ni. A gidana, yaron da na yi wa tsarki da hannuna yake ce mini ba nawa ba ne.

Ya cire katin daga wuyansa ya miƙo mini. Ya ce in kai wa maƙwabciyarmu ta je gidan waya ta kira lambar, su za su san yadda za a yi. Maƙwabciyar nan nas ce a babban asibiti, Kirista, mutuniyar Filato, mijinta malamin makaranta. Katanga ɗaya ta raba mu. Muna zaman lafiya, tana aiko mini da shinkafar Kirsimeti ina aika mata da naman layya, amma kan haihuwa ba mu taɓa shiri ba. Ita ta ce ina dafa mata da ransu, ni in ce tana yanka su da almakashi.

Na karɓi katin na ce to. Na shiga ɗakina, na buɗe kwallar da ke can ƙasan jere, na jefa shi ciki, na mayar da sauran a kai.

Na daɗe ina tambayar kaina dalili. Na ce kwana biyu ne kawai ya rage a yi suna, in an kira su yau gobe za su ɗauke shi, a raɗa wa yaro suna ba uba bayan duk jiran da aka yi. Na ji tsoro kuma, wannan gaskiya ne, in tuna an rufe shi cikin ƙarfe a ƙasar da ba shi da kowa. Amma babban dalilin shi ne kada a ce a unguwa ƙanen ungozoma ya zo da ciwon gaɓɓai ta kasa, sai da nas ta shiga tsakani. Na tabbata kafin Juma'a zan tayar da shi, in mayar masa da katinsa muna dariya.

Ruwan maijego na tafasa. Na ɗebi rabi, na zaunar da shi a kan turmi a bayan ɗaki, na gasa masa kafaɗa da baya da ƙugu. Bai yi ƙara ba. Na ce masa ka gani, jarumi. Ashe daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin zafin sosai ne. Na sa maijego ta sauka daga gadon ƙasa ta koma tabarma, na ƙara itace, na kwantar da shi a kai, na rufe shi da bargo biyu.

Ran Alhamis da safe ya tambaye ni ko an samu mutanensa. Na ce an je, waya ba ta shiga. A zamanin nan wannan ƙarya ce mai sauƙi, don mutum kan wuni a gidan waya bai samu Kaduna ba, balle bakin teku. Ya ce a sake gwadawa. Na sake yi masa gashi, safe da yamma.

Da azahar nas ta shigo barka, da sabulu da hoda a leda. Na tare ta a ɗakin maijego. Ta ɗauki yaro ta duba cibi, ta ce ya yi kyau, ba don ta so faɗa ba.

"Maƙwabciya, na ji baban yaro ya iso. Ina yake in yi masa barka?"

"Shina barci. Sanyi yad dame shi, ina gasa mashi."

"Sanyi a ina?"

"Ƙahwahu."

Ta ajiye yaron. Ta ce, "Mutumin da ke aiki a ƙarƙashin teku, in ya ce ƙafa, ba a wasa. Ni ban san ciwonsu ba, ba a koya mana ba. Amma irin waɗannan kamfanoni sukan ba mutum takarda. Bai zo da wata takarda ba?"

Na dube ta ido cikin ido na ce bai zo da komai ba.

"To a kawo shi asibiti likita ya gani."

"In kun gama da waɗanda kunka kwantar, a kawo maku ƙari."

Ta yi dariya ta ce bakina ya fi ruwana zafi, ta tafi. Ɗakin da yake kwance taku goma ne daga inda take tsaye.

Ran Juma'a aka yi suna. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida tun da asuba, liman ya zo, an kawo goro da dabino, rago na ɗaure. Ƙanena ya sa sabuwar shaddar da ya zo da ita, ya yunƙura zai tashi daga gado, ƙafafu suka ƙi. Mijina da wani maƙwabci suka ɗauke shi a kujera suka fitar. A zaune ya karɓi addu'a, mutane na cewa gajiyar hanya ce. Ni ina ciki ina rabon tuwo da masa, mata na yaba yadda maijego ta murmure. Na ji daɗin yabon. Ina faɗa ne don a rubuta.

Ran Asabar da safe fitsari ya ƙi fita. Mararsa ta kumbura ta yi tauri, gumi na karyo masa. Matarsa, yarinyar da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ta fita da zanen jego ba ta tambaye ni ba, ta buga ƙofar nas. Nas ta shigo da kayan aikinta a jiki, tana shirin fita. Ta yaye bargon, ta ga bayan cinyarsa ya sale ya yi ƙuna, shi bai ma sani ba. Ta tsikare shi da allura a tafin ƙafa, bai motsa ba.

Ya ce mata, "Sista, har yanzu wayar ba ta shiga ba?"

Ta ce, "Wace waya?"

"Lambar da ke ga katin da Yaya tak kai maki ran Laraba."

Nas ta ajiye allurar. Ta juyo ta dube ni. Shi ma ya juyo da kansa a kan matashi ya dube ni. Ba kallon fushi ba ne. Irin kallon da yakan yi mini ne yana yaro in na ce masa inna ta tafi kasuwa, alhali ya ga an fita da makara.

Na shiga ɗaki na sauke jeren kwalla ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa jin ƙarar kwano ta yi tsawo haka ba. Na kawo katin. Nas ta karanta gaba da baya, ta ce, "An rubuta a nan, a kira nan take, ko da rana ko da dare." Ta sa shi a aljihu. Mijinta ya hau babur ya tafi gidan waya, kafin azahar ya samu mutanen.

Aka kai shi asibiti, aka sa masa roba fitsari ya fita, aka jingina masa tulun oksijin a gefen gado. Likitan ya ce iyakar abin da suke da shi ke nan, tukunyar babu ita a duk ƙasar Hausa. Ran Litinin mutanen kamfanin suka zo suka tafi da shi. Ban raka shi filin jirgi ba. Na ce maijego na bukatata.

Ya yi wata biyu a can. An sa shi a tukunyar sau da yawa. Fitsari ya dawo, ƙafar dama ta dawo, ta hagu ba ta dawo ba sai ja. Likitansu ya gaya masa da ya zo a ranar farko ko ta biyu, da wataƙila ya fita da ƙafafunsa, kuma zafin da aka yi ta gasa masa ya ƙara wa abin ƙarfi ne. Ba shi ya faɗa mini ba. Matarsa ya faɗa wa, ita ta faɗa wa nas, nas ta riƙe shekara uku kafin ta gaya mini, ranar da muka yi cacar baki kan wata mai naƙuda.

Ya koma Kwalkwalawa da sanda. Lokacin ana ta gine-ginen jami'a a gefen garin, samari na tafiya leburanci, shi yana zaune a gindin bishiya yana ɗinkin taru. Bai sake shiga ruwa ba. Yana da shekara talatin da 'yan kai.

Sau ɗaya na yi niyyar yi masa maganar. Na same shi yana kallon masu wanka a gulbi. Na zauna na ce, "Batun katin nan."

Ya ce, "Yaya, miƙo mani zaren can."

Na miƙa masa. Ya ce doka ce ya karya ya hau jirgi, ba wanda ya ɗora shi. Ya shiga labarin tsadar gero. Ni kuma na ji sauƙi da ya kauce, na bi shi. Da na so, da na maimaita. Duk Salla mukan ce mu yafi juna kamar yadda kowa ke cewa, amma ban taɓa buɗe baki na ce na ɓoye, na yi ƙarya sau biyu, ka yafe mini wannan ba. Matarsa ta sake haihuwa sau huɗu, kuma duk ni ya aiko wa in yi mata wanka. Daga lokacin ne na fara sirka ruwa. Mata suka ce tsufa ya fara sa ni tausayi. Ya rasu a zamanin mulkin soja na ƙarshe, da damina, ina gidan wata haihuwa.

Shekarun baya ciwon suga ya kama ni, wani miki ya fito mini a diddige ya ƙi warkewa. Aka fara zancen yanke ƙafa. Yaron nan da aka yi wa suna a ranar Juma'ar, wanda yanzu ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi, har da furfura a gemunsa, shi ya ce bai yarda ba. Ya kai ni Misira. Can suka kankare mikin, suka ba ni magunguna, sannan tafinta ya ce kowace safiya za a sa ni a wani abu in shaƙi oksijin, don jini ya kai abinci inda naman ya mutu.

Aka cire mini 'yan kunne, aka hana ni shafa mai da turare, aka ba ni rigar auduga. Aka tura ni cikin wani dogon abu, rabinsa ƙarfe rabinsa gilashi, aka rufe ƙofa. Na ji shuu, kunnuwana suka toshe. Kafin ma'aikaciyar ta yi mini alama na riga na fara haɗiyar yawu, don an gaya mini tun a tsakar gidana, shekara arba'in da suka wuce.

Ba zafi, ba duhu. Kwanciya ce kawai da numfashi. Ina ganin ɗan ƙanena ta gilashi yana ɗaga mini hannu. Abin da na hana ubansa ke nan, kwanciya da numfashi. Hawaye suka zubo mini har cikin kunne. Ma'aikaciyar ta ɗauka tsoro ne, ta tambaya ta bakin tafinta ko a fitar da ni. Na ce a bar ni.

Mikin ya rufe a hankali. Likitan ya ce ba tukunyar kaɗai ba ce, da wankin miki da kiyaye abinci, kuma akwai waɗanda ake sa wa ba ta yi musu ba. Ni dai da ƙafafuna biyu na sauka a Sakkwato, kuma da su nake zuwa masallaci har yau. A masauki na so in gaya wa yaron, sau uku ina farawa. Yana ce mini Gwaggo, yana yanka mini tuffa. Abin da ya sani shi ne aikin teku ya nakasa babansa.

Mijina ya rasu. Matar ƙanena ta rasu, ba ta taɓa gaya wa 'ya'yanta ba. Malamin da ya hau babur ya tafi gidan waya ya rasu a garinsu. Cikin waɗanda suka tsaya a ɗakin nan ran Asabar, saura ni da nas. Tana can Filato wurin ɗiyarta, idanunta sun tafi, amma duk Kirsimeti sai ta sa an kira ni ta tambaye ni ko har yanzu ina dafa mutane. Sai kuma jaririn da ke kwance a tabarma ranar, bai san abin da ake ciki ba. Shi na ce wa jikata ta kai wa takardar nan in ta gama, ta ba shi a hannunsa, tun ina da rai.